Hassan Katsina, janar ɗin da bai ci gari ba

Duk majalisar da aka ɗauko hirar yaƙin basasar Nijeriya, sunayen da ke fara fitowa sanannu ne. A ambaci Murtala Muhammad da ya fatattaki sojan Biyafara daga Benin, a ambaci Muhammadu Shuwa da rundunarsa ta ci Inugu, a ambaci Benjamin Adekunle da ya kama Fatakwal, sannan a rufe da Obasanjo wanda yaƙin ya ƙare a hannunsa. Da wuya a ji wani ya tuna da mutumin da ya riƙe kujerar hafsan hafsoshin sojan ƙasa a mafi yawan watannin yaƙin, wato Manjo Janar Hassan Usman Katsina, Ciroman Katsina. Sunansa dai bai ɓata ba, ga shi nan a jikin kwalejin kimiyya da fasaha ta Katsina, ga shi a gidan gwamnati na Kawo a Kaduna, ga shi a wurin shaƙatawar da aka fi sani da Gamji. Abin da ya ɓata shi ne dalilin sa sunan. Mun saba auna babban soja da abu biyu, garin da ya ci ko gwamnatin da ya kifar, shi kuwa Hassan bai yi ko ɗaya ba, don haka ma'auninmu ba ya ganinsa. Ni a ganina ma'aunin ne ke da gyara. Abin da ya fi wuya ga mai riƙe da bindiga shi ne ya yarda a rage masa iko alhali yana da halin hanawa, kuma a nan ne aikin sojan Hassan ya cancanci a tsaya a duba shi da kyau, har da wuraren da ya gaza.

An haife shi a Katsina a 1933, ɗan Sarki Usman Nagogo, jikan Sarki Muhammadu Dikko. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa ta Zariya, ya shiga soja a 1956, a zamanin da manyan gidajen Arewa ke kallon aikin soja a matsayin aikin wanda ya rasa abin yi. An horar da shi a Teshi ta ƙasar Ghana, daga nan Ingila, inda ya ratsa makarantar hafsoshi ta Sandhurst, ya fito da anini a 1958. Ya je Kwango cikin sojan kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya kamar yawancin tsararrakinsa. Zuwa Janairun 1966 yana Manjo, yana riƙe da ƙungiyar motocin sulke ta Kaduna. Wannan muƙami ƙarami ne a takarda, amma a sojan da gaba ɗayansa bai wuce mutum kusan 10,000 ba, wanda ke da motocin sulke a Kaduna shi ke da ta cewa kan wanda zai kwana da garin.

Daren 15 ga Janairu ya share duk wanda ke gabansa daga Arewa in ban da mutum ƙalilan. An kashe Sardauna a gidansa, an ɗauke Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas ba a sake ganinsa da rai ba. A cikin soja an kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar Yakubu Pam, a Kaduna kuma aka kashe Birgediya Ademulegun da Kanar Shodeinde. Labarin da ya shahara shi ne Manjo Nzeogwu, jagoran masu juyin mulkin a Kaduna, ya tare Hassan da bindiga a hannu ya tambaye shi ko yana tare da su, shi kuma ya amsa cewa yana tare da su. Kwana kaɗan bayan haka Janar Ironsi ya naɗa shi gwamnan soja na Jihar Arewa, aka ƙara masa girma zuwa Laftanar Kanar, yana da shekara 32. Masu sukarsa daga nan suke farawa. Suna cewa mutumin da ya amsa wa Nzeogwu, ya yi wa Ironsi aiki wata shida, sannan ya yi wa Gowon shekara tara, ai duk inda iska ta kaɗa nan yake. Zargin ba na banza ba ne, amma yana buƙatar a tambayi abin da ƙin amsawar zai haifar. Da ya ja daga a safiyar nan, ko dai a ƙara gawa ɗaya a kan waɗanda aka riga aka tara, ko kuma motocin sulke su fito su yi ta musayar wuta da sojan Nzeogwu a tsakiyar Kaduna, garin da bai ma gama sanin an kashe Firimiya ba. Mai bin iska kuma ana gane shi ne da abin da ya kwasa a kowane juyi. Wanda ya bi tarihin Hassan daga 1966 zuwa 1975 zai ga ikonsa na zahiri raguwa ya yi ta yi.

Akwai zargin da ya fi wannan nauyi, kuma ba ya wankuwa. A ƙarƙashin gwamnatinsa aka yi kashe-kashen 1966. Bayan Ironsi ya fitar da doka ta 34 a ranar 24 ga Mayu, wadda ta rushe jihohi ta mai da ƙasar dunƙulalliya, tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa aka far wa 'yan ƙabilar Ibo. Aka yi juyin mulkin ramuwa ranar 29 ga Yuli, aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Fajuyi a Ibadan tare da hafsoshi da ƙananan sojoji masu yawa 'yan Gabas. Sai kuma ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, lokacin da abin ya kai maƙura, aka kashe dubban mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa da mata da yara, wasu a tasha suna jiran jirgin da zai kai su gida. Ɗaruruwan dubbai suka bar dukiyarsu suka gudu. Gwamna shi ne mai alhakin ran duk wanda ke ƙasarsa, baƙo da ɗan gari, kuma ba a ga an gurfanar da masu wannan ta'asa yadda girmanta ya kamata ba. Duk mai son Hassan da ya tsallake wannan babi bai yi masa adalci ba, bai kuma yi wa waɗanda suka mutu ba. Abin da za a iya faɗa a gefensa shi ne, kayan aikin da gwamna zai yi amfani da su ya kashe wutar su ne suka kama da wuta. Sojan da ya kamata su tsare titi su ne suka yi bore, kamar yadda sojan bataliya ta 5 suka yi a Kano ranar 1 ga Oktoba, suka bijire wa hafsoshinsu suka nufi filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Hassan ya je Kano da kansa ya fuskanci sojan da ba su ƙara jin maganar kowa ba. Wannan ya nuna ba matsoraci ba ne, kuma bai ɗauki kisan a matsayin abin da za a kau da kai a bari ya wuce ba. Bai dawo da ran kowa ba dai, kuma gwamnan da sai bayan an zubar da jini ya iya tsayar da sojansa ya riga ya faɗi jarrabawar farko.

To me ya rage da za a yaba? Abin da ya faru tsakanin Agustan 1966 da Mayun 1967. A lokacin nan babu kujerar da ta kai ta gwamnan Arewa nauyi a Nijeriya. Jihar ta fi rabin ƙasar girma nesa ba kusa ba, ita ce mafi yawan jama'a, kuma yawancin masu ɗaukar bindiga a soja 'ya'yanta ne. Kalmar da ke bakin matasa da sojan da suka yi juyin Yuli ita ce araba. Mai riƙe da wannan kujera ɗan sarki ne, Musulmi, wanda sarakuna ke gani nasu ne, ma'aikatan gwamnati irin su Ali Akilu na tare da shi, tsohon gwamna Sa Kashim Ibrahim na ba shi shawara. A Legas kuwa wanda aka ɗora shi ne Yakubu Gowon, Kirista, ɗan ƙaramar ƙabilar Angas, wanda bai kai Hassan shekaru ba ko da yake ya riga shi shiga soja. Ojukwu, gwamnan Gabas, ya ce bai san da zaman Gowon ba, domin akwai waɗanda suka girme shi a aiki. Da Hassan ya so ya zama Ojukwun Arewa, ba abin da zai rasa, ga ƙasa ga jama'a ga soja ga kuma fushin da ke neman jagora. Ya zaɓi ya sara wa Gowon. Ba na cewa Arewa ba ta yi rawa ba a wannan tsakani, domin wakilanta sun je taron tsara mulki na Satumban 1966 a Legas da shawarar ƙasa sako-sako wadda kowane yanki zai iya ficewa, daga baya suka janye suka koma kan tarayya mai ƙarfi da ƙarin jihohi. Hassan na cikin wannan kai-kawo, kuma yana zaune a teburin Aburi a Janairun 1967 inda aka amince da abubuwan da aka dawo gida aka kasa aiwatarwa. Amma inda aka tsaya shi ne abin dubawa.

Ranar 27 ga Mayun 1967 Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, shida daga cikinsu daga tsohuwar Jihar Arewa: Arewa maso Yamma, Arewa ta Tsakiya, Kano, Arewa maso Gabas, Binuwai-Filato da Kwara. An fi tuna wannan rana a matsayin dabarar raba Ojukwu da ƙananan ƙabilun Gabas da man fetur ɗinsu, kuma haka ne. Sai dai dabarar ba za ta ci ba da Arewa ta ƙi. Tun kafin samun 'yancin kai babban kukan Kudu shi ne girman Arewa, babban kukan ƙananan ƙabilun Arewa kuma shi ne danniyar Kaduna, abin da ya haifar da tarzomar ƙasar Tibi a 1960 da 1964. Jam'iyyar NPC ta yi shekaru tana cewa Arewa ɗaya ce ba mai taɓa ta. Mutumin da ya gaji kujerar Sardauna shi ne ya amince aka yanka ta shida, ya miƙa wa Audu Baƙo Kano, ya miƙa wa Abba Kyari Kaduna, Musa Usman da Usman Faruk da Joseph Gomwalk da David Bamigboye kowa ya kama tasa, shi kuwa bai riƙe ko ɗaya ba. Har yau akwai dattawan da ke ganin ranar nan aka karya ƙashin bayan Arewa, kuma idan aka dubi yadda masaƙun Kaduna da sauran kadarorin haɗin gwiwa suka lalace daga baya, ba za a ce ba su da abin kamawa ba. Amma a tuna su wane ne suka cika bataliyoyin da suka yi yaƙin: 'yan Tibi da Angas da Idoma da Birom da Bachama da sauransu. Ba a ga yadda za a tura su su mutu don haɗin kan Nijeriya ba alhali a gida an hana su abin da suka shekara suna nema. Raba Arewa shi ya ba sojan tarayya dalilin zama soja ɗaya.

Ya kuma tsaya ya yi aikin rabon gadon, wanda ba shi da armashi ko kaɗan. Shi ya shugabanci hukumar riƙon ƙwarya ta ICSA, wadda ta riƙe abubuwan da ba sa rabuwa, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da gidan rediyo da talabijin na Kaduna da kamfanin NNDC da jaridar New Nigerian, yayin da ake rarraba ma'aikata da motoci da fayil-fayil zuwa Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori, garuruwan da wasunsu ba su da isassun ofisoshi balle gidajen ma'aikata. A zamaninsa ne kuma aka ɗauko aikin karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, aikin da aka ƙarasa bayan jihohi sun kafu. Wannan shi ne ainihin ƙarfin sarauta a Arewa, ikon kamawa da shari'a da ɗauri, kuma mahaifinsa yana kan gadon Katsina lokacin da ake zare shi. 'Yan NEPU sun yi shekaru suna shan ɗauri a kan wannan buƙata, sai ga shi ta fara tabbata a hannun ɗan sarki.

A 1968 aka kira shi Legas ya zama hafsan hafsoshin sojan ƙasa, kujerar da Kanar Joseph Akahan ya riƙe kafin ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu. Masu raina wannan aiki suna cewa ai yaƙin ofis ya yi. Sun manta irin sojan da aka ba shi. Rundunar da ta fara yaƙi da kusan mutum 10,000 ta kumbura har ta kai wajen 250,000 kafin a gama. An kira mazan jiya waɗanda suka yi yaƙin Bama suka sake sa kaki, an kwashi 'yan doka, an kwashi samari daga kasuwa da tasha, kurtu ya yi 'yan makonni a dafo a miƙa masa bindiga a sa shi a mota. Saje ya wayi gari da anini domin babu hafsoshi. Kowane ɗayan waɗannan yana buƙatar takalmi da harsashi da abinci da albashi da gadon asibiti, kuma ana sayo makaman ne daga Ingila da Tarayyar Sobiyet da duk inda aka samu. Sannan ga kwamandojin rundunoni uku da kowannensu ke ji kamar shi ke da yaƙin. Suna ɗibar sojansu da kansu, suna neman makamansu da kansu, har a tashar jirgin ruwa ana rige-rigen kaya tsakanin runduna da runduna. Tun kafin zuwan Hassan an ga abin da wannan ke jawowa, lokacin da runduna ta 2 ta yi ta ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara a Anaca a Oktoban 1967 ba da son hedikwata ba, aka yi asarar sojoji masu yawa, bayan kisan da aka yi wa fararen hula a Asaba a watan nan. Riƙe irin wannan soja kamar kiwon garken da kowane bijimi ke ganin shi ne makiyayi.

Ba za a ce ya shawo kansu da wuri ba. Yana cikin waɗanda suka ɗauka tun farko yaƙin ba zai daɗe ba, sai ga shi ya ci wata 30. Har Afrilun 1969 Biyafara na da ƙarfin ƙwace Owerri daga hannun runduna ta 3. Sai a watan Mayun shekarar Gowon da hedikwatarsa suka yi abin da ya kamata a yi tuntuni, aka sauya kwamandojin duka uku, Iliya Bisalla ya karɓi ta 1, Gibson Jalo ta 2, Obasanjo ta 3. Wata takwas bayan haka Ojukwu ya tafi Kwaddibuwa, mataimakinsa Philip Effiong ya miƙa wuya a barikin Dodan ranar 15 ga Janairun 1970. Cire kwamandan da jaridu suka mayar gwarzo, a tsakiyar yaƙi, daga kan sojan da ke ganin shi ne ubansu, ba tare da an yi bore ba, aiki ne da ke nuna an fara samun hedikwatar da ake jin maganarta. Abin da ya biyo bayan miƙa wuyar ma shaida ne. Duniya ta zuba ido tana jiran kisan ƙare dangi, an yi ɓarna da kwasar ganima a wurare, amma kisan da ake tsoro bai auku ba, kuma sojan da aka tara cikin gaggawa ba ya kame hannunsa haka kawai sai da umarni daga sama da masu bin sa. A ɗaya gefen kuma, Hassan ɗan Majalisar Ƙoli ta Soja ne a duk tsawon lokacin da aka toshe hanyoyin shiga Biyafara yunwa ta kashe yara ba adadi, don haka yana da kasonsa a wannan nauyi kamar kowane ɗan majalisar. Ya kuma bar kujerar a farkon 1971 ya miƙa wa David Ejoor soja mai yawan da ƙasar ba ta da barikin zuba shi, matsalar da aka yi ta fama da ita har zamanin Ɗanjuma a kan kujerar.

Daga 1971 ya koma mataimakin shugaban ma'aikata a Hedikwatar Ƙoli, muƙami mai girma a suna amma babu bataliya ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Yana nan lokacin da Gowon ya tsaya ranar 1 ga Oktoban 1974 ya ce alkawarin miƙa mulki a 1976 ba zai yiwu ba, kuma wannan ma abin tuhuma ne ga duk manyan da ke kewaye da shi, domin biyayyar da ba ta iya hana shugaba saɓa alkawari ta tashi daga amfani. Ranar 29 ga Yulin 1975, Gowon na taron ƙasashen Afirka a Kampala, Kanar Joe Garba ya yi sanarwa a rediyo, Murtala ya hau, aka yi wa duk masu muƙamin Manjo Janar zuwa sama ritaya. Hassan na da shekara 42. Ba zan kafa hujja da cewa ya tafi salin-alin ba, domin a ranar ba shi da sojan da zai ja daga da su ko da ya so. Hujjar tana cikin shekara 20 da suka biyo baya. Wata bakwai ba su cika ba aka kashe Murtala, aka harbe Bisalla da wasu da dama bisa laifin hannu a yunƙurin juyin mulkin Dimka. Aka yi juyin 1983, aka yi na 1985, aka yi shari'ar Mamman Vatsa, aka yi yunƙurin Orkar a 1990, Abacha ya karɓa a 1993. Yawancin masu wannan kai-kawo yaransa ne, wasu shi ya sa hannu a takardar ƙarin girmansu, kuma ƙofarsa a Kaduna ba ta rabu da baƙi ba. Sunansa bai fito a shari'ar ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya koma kan dawakinsa na folo, wasan da gidan Dikko ya shahara da shi, da sulhunta mutane, har Allah Ya yi masa rasuwa a watan Yulin 1995.

Wani zai ce duk wannan sauƙi ne ga ɗan sarki, wanda ya tashi ya tarar da girma a gida ba ya buƙatar ya ƙwato shi da bindiga. Wataƙila akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma Ojukwu ma ɗan babban gida ne, mahaifinsa na cikin attajiran farko na ƙasar nan, ya yi karatu a Oxford, kuma an naɗa su gwamna rana ɗaya. Gata bai hana shi ganin cewa shi kaɗai ne zai iya ba. Abin da ya kamata a yi wa Hassan yanzu ya wuce ƙara sa sunansa a jikin gini. Takardun gwamnatin Jihar Arewa na 1966 da 1967 da na hukumar ICSA su ne za su nuna wa ya ba da wane umarni a watan Mayu da na Satumba, wa ya kawo shawarar jihohi, wa ya ƙi, da yadda aka raba ma'aikata da kadarori. Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa duk suna Kaduna, jami'o'in da ke da sashen tarihi sun kewaye su, makarantar horar da hafsoshi ta NDA na cikin garin, kwalejin manyan hafsoshi ta Jaji kuma tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce. Hafsan da ake shiryawa don riƙe runduna yana buƙatar ya karanta watanni goma sha shidan nan na gwamnan Arewa dalla-dalla, da kashe-kashen da rabon jihohin duka, kamar yadda ake sa shi ya karanta yadda aka ci Inugu.